Bahaushe kuma Kirista: Masihiyawan yammacin Kano

A karkarar da ta taso daga Rimin Gado zuwa Tofa, Kabo da Ƙaraye, inda gona ke manne da gona, an daɗe da sanin Maguzawa. Hausawa ne gaba da baya, manoman gandu, masu bautar iskoki, waɗanda suka zauna ƙarƙashin sarakunan Kano suna biyan jiziya. Harshe ɗaya, kasuwa ɗaya, amma idan ana lissafin mutanen gari sai a bar su a gefe.

Bishara ba ta iso musu da wuri ba. A 1900 Sarkin Kano Alu Babba ya kori tawagar 'yan mishan ta Bishop Tugwell, kuma bayan Turawa sun ci ƙasar a 1903, su kansu suka taƙaita wa 'yan mishan shiga masarautu. Sai a shekarun 1930 ƙofa ta ɗan buɗe, ta hanyar jinyar kutare a Yadakunya. Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa a 1932, asibitin ido na mishan ɗin SIM ya buɗe a Kano a 1943, aka kuma kafa makarantar koyon Littafi Mai Tsarki a Tofa, maƙwabciyar Rimin Gado.

Duk da haka, tururuwar sauya addini ta zo ne a shekarun 1970. Tsafi ya ja baya, boko ya shigo, zaman tsakiya ya gagara. Da yawa suka musulunta, wasu gidaje kuma suka bi Almasihu, galibi a ikilisiyar ECWA.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne, ba su sayar da Hausancinsu ba. Shiga majami'ar ƙauye ranar Lahadi: ginin jar ƙasa, rufin kwano, matan zumunta sanye da atamfa iri ɗaya suna buga tulu, wa'azi da Hausar Kano tsantsa. Da kaka, baikon godiya damin dawa ne da kwaryar gyaɗa. Dattijo sunansa Tanko, jikansa Bitrus.

Har yau a birni ana tambayarsu, “Kai ɗan wace ƙabila ne?”, domin an ɗauka duk Kirista baƙo ne. Wannan ciwo na cikin abin da ya haɗa su da Kiristocin Fulani da Barebari a Tarayyar Masihiyawan Nijeriya, inda suke neman a ba su takardar shaidar asali da filin gina majami'a a ƙasar kakanninsu.