Asma da Ciwon Damuwa: Maganin Shaƙa a Hannun Ɗaliban Kudancin Kaduna

Tsakure: Maƙalar ta dubi yadda ciwon damuwa ke dakushe amfanin maganin shaƙa a wajen ɗalibai masu asma a Kafanchan da kewaye, da dalilin da ya sa bai kamata a duba ƙirji a bar zuciya ba.

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu kan lulluɓe duwatsun Kagoro ta sauko Kafanchan. Ɗalibin Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya ko na reshen Jami'ar Jihar Kaduna, idan mai asma ne, ya san abin da ke jiransa: sanyin asuba, hayaƙin gawayi da risho a ɗakin haya, tarin da ba ya barin barci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 262 ne ke da wannan cuta a 2019, ta kuma yi ajalin 455,000.

Gwangwanin feshin da ake kira inhela ya fito ne a 1956 daga kamfanin Riker na Amurka. Hikimarsa ita ce kai magani kai tsaye cikin huhu, a ƙwayoyin da ba su wuce maikuron 5 ba. Sai dai yana son natsuwa. A girgiza, a fitar da numfashi, a danna daidai lokacin da aka fara ja a hankali, sannan a riƙe numfashi kamar daƙiƙa 10. Aka saɓa, mafi yawan maganin a maƙogwaro zai tsaya. Kuma iri biyu ne: shuɗin nan na salbutamol mai buɗe hanyar iska nan take, da na rigakafi mai rage kumburi, wanda amfaninsa ke cikin dorewa. Tun 2019 ƙwararrun GINA, masu tsara jagororin kula da asma na duniya, suka daina yarda a dogara da shuɗin kaɗai.

A nan ciwon damuwa ke shigowa. Wanda tashi daga gado ma ya zame masa aiki, ina zai tuna da feshin safe da yamma? Bincike a ƙasashe daban-daban ya sha nuna cewa masu asma da ke da ciwon damuwa sun fi sakaci da maganin rigakafi, sun kuma fi kwanciya a asibiti. Ga wani tarkon: salbutamol kan jawo rawar hannu da bugun zuciya, alamomin da suka yi kama da firgici. Ɗalibi ya tsorata, numfashi ya ƙara sauri, ya sake fesawa. Wasu magungunan ma kansu na taɓa hankali. A Maris 2020 hukumar magunguna ta Amurka ta sanya gargaɗi mafi tsanani a kan montelukast saboda haka, kuma prednisolone da ake saya a kemis ba tare da takardar likita ba yana iya dagula barci da yanayin zuciya.

Abin damuwa kuwa bai yi wa ɗalibin wannan yanki ƙaranci ba. A 2017 manyan makarantun Kafanchan da Gidan Waya sun shafe watanni a rufe saboda rashin tsaro. A Agustan 2023 kamfanin GSK, mai inhelar salbutamol ta Ventolin, ya sanar da daina harkokinsa kai tsaye a Nijeriya, farashin inhela ya yi tashin gwauron zabi. Mai ƙaramin ƙarfi sai ya koma tattalin feshi, ko ya bari sai abin ya tashi.

Akwai dabara mai arha. A 1999 Heather Zar da abokan aikinta a Afirka ta Kudu sun nuna cewa gorar roba mai cin mililita 500, idan aka huda gindinta aka liƙa bakin inhela, tana isar da magani huhun yara kusan daidai da na'urar da ake saya don wannan aiki. Da ita, ba sai hannu da numfashi sun zo daidai ba, abin da ke sauƙaƙa wa wanda ya ruɗe.

Tun Janairun 2023 Nijeriya ke da sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin ta 1958. Saura aiki a ɗakunan shan magani na makarantu. Duk ɗalibin da ya zo da asma, ma'aikacin jinya ya sa shi ya fesa a gabansa don a ga yadda yake yi, ya kuma yi masa tambayoyi 9 na PHQ-9, ma'aunin gano ciwon damuwa, kafin ya sallame shi.