Inda Ƙarfin Inji Mai Bugu Biyu Yake Zurarewa

A shekarar 1977 kamfanin Honda ya fito da Odyssey FL250, wata 'yar ƙaramar mota mai kujera ɗaya da aka ƙera don gudu a rairayi da daji. Injinta silinda ɗaya ne, mai bugu biyu, wato duk hawa da saukar fistin sau ɗaya wuta na tashi a cikinsa. Cutar da ta fi addabar irin wannan inji idan ya kwana biyu sananniya ce: ya tashi lafiya lau, amma da an fuskanci tudu sai ya yi sanyi. Dalilin hakan yana cikin tarihin ƙirarsa.

Dugald Clerk, ɗan ƙasar Sikotilan, ya yi rajistar injinsa mai bugu biyu a 1881, sai dai nasa yana da silinda ta daban mai tura cakuɗen iska da makamashi. Kimanin shekara goma bayan haka, Joseph Day na birnin Bath a Ingila ya kawar da ita. A ƙirarsa, fistin idan ya sauko yakan matse cakuɗen a cikin akwatin karanshaf, ya tunkuɗa shi sama ta wata kafa a jikin silinda. Sauƙin da ya sa injin ya yi arha ke nan, kuma nan ne rauninsa. Akwatin nan dole ya kasance a toshe ruf. Idan robar da ke rufe gefen karanshaf ta bushe ta tsage, iska za ta kutsa, fetur ya yi ƙaranci a cakuɗen, inji ya yi zafi, har fistin ya iya kamewa. Haka nan idan ringi ya cinye, matsi zai ragu, ƙarfi ya tafi tare da shi.

Babi na biyu an rubuta shi ne a Jamus ta Gabas. A shekarun 1950, Walter Kaaden na kamfanin babura na MZ ya inganta salansa mai kumburarren ciki. Fitar hayaƙi tana haifar da igiyar matsi, wadda ke buga ƙarshen bututun ta dawo daidai lokacin da ƙofar hayaƙi ke shirin rufewa, ta mayar da sabon cakuɗen da ya fara tserewa cikin silinda. A 1961 injin MZ mai cc 125 ya kai ƙarfin doki 25. A shekarar ce matuƙinsu Ernst Degner ya tsere zuwa Yamma bayan gasar Suwidin, ya koma Suzuki, kuma a 1962 ya ci kambun duniya na ajin cc 50. Daga nan ilimin ya bazu a masana'antun Japan.

Ma'anar wannan ga makanike ita ce, salansa ɓangare ce ta numfashin injin. Tun da baƙin mai tare yake ƙonewa da fetur, a hankali baƙin tokarsa yakan daskare a ƙofar hayaƙi da cikin bututu, har inji ya shaƙe. Mai garzayawa ya kwance kafireta tun farko sau da yawa yakan bar jaki ya doki taiki.

Don haka gwanaye sukan fara da filogi. Idan bakinsa ya yi fari, iska ta yi yawa ko fetur ba ya isa. Idan ya yi baƙi da jiƙa, matatar iska ta toshe ko fetur ya yi yawa. Daga nan a auna matsi, a duba salansa, a gwada robobin karanshaf. Idan kuwa inji yana ruri sosai amma mota ba ta ja, laifin na bel ne da ke zamewa.

Ƙananan janareta masu shan fetur haɗe da baƙin mai, da ke kuka a bakin shagunan Kano da Kaduna, a kan ƙirar Day suke aiki, kuma wannan jerin bincike ya shafe su, in ban da bel.