Kogwannin Yankari: Wa Ya Haƙa, Wa Ya Ci Suna?



Ranar Asabar ɗin da ta gabata mu goma sha ɗaya muka bar garin Bauchi bayan sallar asuba, muka nufi Yankari da ke ƙaramar hukumar Alkaleri. Burin yawancinmu shi ne mu ga giwa, mu kuma yi wanka a ruwan Wikki, wanda ɗuminsa yake tsaye a kan digiri 31 rani da damina. Giwa dai ba mu gan ta ba, sai kashinta da rassan da ta karya. Ba abin mamaki ba ne, domin giwayen da suka rage a dajin ba su wuce ɗari da 'yan kai ba, alhali suna cikin garke mafi girma da ya saura a Nijeriya. Mun ga ɓauna, gwanki, mugun dawa, da wani gwaggon biri da ya fizge wa 'yar uwarmu ledar burodi. Amma abin da ya biyo ni gida shi ne kogwannin Marshall.

Mota ta sauke mu, jagora yana gaba, muka taka da ƙafa har gindin wani dutsen yashi. A jikinsa akwai kogwanni 59, kuma hannun mutum ne ya haƙa su. Ƙofar kowanne zagayayya ce, ƙarama, sai ka rarrafa za ka shiga, ciki kuma ya buɗe kamar ɗaki. A wasu bangayen akwai zanen layuka, wasu miƙaƙƙu, wasu a karkace. Bayanin da aka fi yarda da shi shi ne mafaka ce ta zamanin yaƙe-yaƙe da farautar bayi. Wanda ya rarrafa ta ƙofar nan ba zai yi musu ba: mutum ɗaya da mashi ya isa ya tare ta.

Ba su kaɗai ba ne shaida. A cikin dajin akwai rijiyoyin Dukkey sama da 130 da suke haɗe ta ƙarƙashin ƙasa, akwai kuma tsoffin murhunan narka tama a Ampara. Wato inda muke kira daji a yau, a da gari ne mai maƙera da masu ɗiban ruwa. A ƙarni na 19 ƙasar Bauchi ta sha yaƙi. Yakubu ya kafa birninsa a 1809 yana faɗaɗa mulki, daga tsakiyar ƙarnin kuma mutanen duwatsun Ningi suka riƙa kawo hari. Ƙananan al'ummu su ne suka zama ciyawa tsakanin giwaye biyu.

To, dubi abin da takarda ta riƙe. A 1956 gwamnatin Jihar Arewa ta keɓe Yankari, a 1962 aka buɗe shi ga masu ziyara, a 1991 ya zama gandun daji na ƙasa, a 2006 ya koma hannun Jihar Bauchi. A 1980 wani Bature, P. J. Marshall, ya bayyana kogwannin ga masu bincike. Shi ya rubuta, don haka sunansa suke ɗauke da shi. Waɗanda suka kwana a ciki suna toshe bakin jariri kada kukansa ya tona asiri, babu sunansu a jikin allo.

Ban ga laifin Baturen ba, aikinsa ya yi. Namu ne ba mu yi ba. Muna ta ƙagar labaran gidajen attajirai a Dubai, ga ƙauyuka kewaye da Yankari cike da dattawa masu labarin kaka da kakanni. Duk wanda aka kai makwanci, da abin da ya sani ake binne shi.

Akwai kuma abin da ya fi nauyi. Idan muka bi diddigin labarin, mai yiwuwa mu tarar kakannin wasunmu ne a cikin kogon, kakannin wasunmu kuma su ne a waje bisa dawaki. Marubucin da zai taɓa wannan sai ya shirya jin abin da ba zai yi masa daɗi ba.

Ni dai na yi niyyar komawa bayan girbi, da littafin rubutu da wayar ɗaukar murya. Mai sha'awar rakiya ya yi magana.

Allah Ya sa mu dace.