Ina Tambura Suka Tafi?

Wanda ya bar Garwa ya nufi gabas, wajen Bibemi, ya shiga ƙasar lamiɓe. Masarautun nan sun kafu ne bayan Modibbo Adama ya karɓo tuta daga hannun Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a farkon ƙarni na 19. Fulani ne suka yi sarauta, amma da yawa daga cikin kayan fadarsu, da sunayen sarautu irin su Galadima da Kaigama, aro ne daga Hausawa da Barebari. Haka ma kiɗa: algaita, da kakaki, da ganga, da tambari.

Tambari ba abin wasa ba ne. Na sarki ne shi kaɗai. Ana buga shi ran naɗi, da ran salla, a dā kuma har da lokacin fita yaƙi. Sarkin da aka ƙwace wa tambari a fagen fama, ko ya tsira da ransa, an ci shi. Saboda haka a dā babu mai tunanin sa masa kuɗi.

Sai Jamusawa suka zo. Suka ci Tibati a 1899, suka kama Garwa a 1901, suka fatattaki Lamiɗo Zubairu a Marwa a 1902. Hafsoshinsu suka riƙa kwasar kayan fada suna aika wa gida, wasu ganima, wasu saye, wasu kuwa "kyauta" irin wadda mai ba da ita ba shi da ikon hanawa. Leo Frobenius ma ya ratsa Adamawa yana tara kaya a tafiyarsa ta 1910 zuwa 1912. Wani bincike da masanan Kamaru da na Jamus suka fitar a 2023 ya nuna gidajen tarihin Jamus suna riƙe da kayan Kamaru fiye da 40,000, alhali gidan tarihin ƙasa da ke Yawunde bai wuce kamar 6,000 ba.

Kada mu ɗora wa Turawa duka. Bayan samun mulkin kai, 'yan'uwanmu Hausawa ne suka shahara da wannan fatauci. Suna bin ƙauyuka, su sayi tsohon kaya da araha, su sayar wa wani dillali, shi kuma ya kai wa mai tarawa a birni. Christopher Steiner ya rubuta littafi a 1994 a kan irin waɗannan 'yan kasuwa a Abijan. Ya nuna yadda ake turara sabon ice da hayaƙi, a shafa masa datti, har ya koma kamar na kaka da kakanni.

Ga kuma abin da mai neman tsohuwar ganga ba ya son ji. Fata ba ta daɗewa. Makaɗin kirki yana sāke fata da tsirkiya a kai a kai, don haka gangar da aka yi shekara hamsin ana kaɗawa icenta ne kawai tsoho. Wadda ka gani da busasshiyar fata ta tsattsage, ko dai an daɗe da jingine ta, ko kuwa an shirya ta ne domin idonka. Ko cin gara ma ana iya yi mata da gangan.

Yarjejeniyar UNESCO ta 1970 ta hana fitar da kayan gado ta ɓarauniyar hanya, Kamaru kuma ta yi tata dokar a 2013. Amma ba ta waiwaya baya, ba ta shafi abin da aka ɗauka a 1901 ba. Wannan sai dai a roƙa, gwamnati da gwamnati, kuma sau da yawa takardar da ke jikin gangar ba ta faɗi fadar da aka ɗauko ta ba, sai dai "Adamawa" kurum.