Ɓawon Prunus africana: Haramci Kaɗai Ba Zai Ceci Bishiyar Ba

A dazuzzukan kan duwatsun Afirka, daga Dutsen Kamaru da Dutsen Oku zuwa tsaunukan Kenya da tsibirin Madagaska, akwai wata doguwar bishiya da masana tsirrai ke kira Prunus africana. Ana samunta har a tudun Mambilla da ke jihar Taraba, a dajin Ngel Nyaki. Mutanen waɗannan wurare sun daɗe suna jiƙa sassaƙenta don zazzaɓi da ciwon ƙirji da wahalar fitsari. Tun shekarun 1960 kamfanonin magani na Turai suka fara tatsar sinadari daga ɓawonta don kumburin furostet, wanda ke hana dattawan maza fitsari yadda ya kamata. Wannan kasuwa ce ta jefa bishiyar cikin haɗari, har aka sa ta a jeri na biyu na CITES, yarjejeniyar duniya kan cinikin dabbobi da tsirrai masu fuskantar ƙarewa, a 1995. Matsayin wannan maƙala shi ne: makomar bishiyar tana rataye ne a kan wanda ya mallake ta da wanda ke cin ribarta, fiye da tsananin dokar da aka kafa mata.

Halittar bishiyar ce hujja ta farko. Tana cikin itatuwan da ke iya mayar da ɓawo idan an ɗiba da ƙa'ida. Ƙa'idar da aka shimfiɗa a Kamaru ita ce a sassaƙe kashi biyu cikin huɗu na kututturen, ɓangarori masu ba juna baya, daga daidai ƙirjin mutum zuwa reshen farko, sannan a bar ta ta huta shekaru kafin a koma. Idan aka zagaye kututturen duka, hanyar da abinci ke saukowa daga ganye zuwa saiwa ta yanke, bishiyar ta bushe a tsaye. Ƙari a kan haka, irinta ba ya jure ajiya, kuma shanu da awaki da gobarar daji suna cinye ƙananan tsiro. Manyan bishiyoyi, waɗanda masu sassaƙa suka fi so, su ne kuma masu zubar da iri mafi yawa. Kashe babba ɗaya yanke zuriya ne.

Wa zai iya haƙurin bin wannan ƙa'ida? Sai wanda ya tabbata rabin da ya bari zai same shi idan ya dawo. Tarihin Kamaru ya nuna haka. Daga 1972 kamfanin Plantecam ne kusan kaɗai ke ɗiba, da ma'aikatan da ya horar. Da aka buɗe lasisi ga 'yan kasuwa da dama a 1985, sai ɓarna ta yawaita, domin ana biyan mai sassaƙa ne bisa nauyin abin da ya kawo, kuma ya san abin da ya bari yau wani zai kwashe gobe. Kayan da ba su da mai su, kowa rige-rigen cinye su yake yi.

Masu goyon bayan haramci za su ce Tarayyar Turai ta dakatar da shigo da ɓawon daga Kamaru a 2007, kuma hakan ya tilasta wa hukuma ƙidaya bishiyoyi da tsara rabon ɗiba. Wannan gaskiya ne, kuma amfaninsa ke nan: ya ba daji numfashi. Amma haramci ba ya shuka ko tsiro ɗaya. Idan ya daɗe, manomin da ya dasa bishiyar a gefen gonarsa zai ga ba ta da daraja, ya sare ta ya shuka masara. Wasu kuma za su ce dokar gandun daji ta Kamaru ta 1994 ta ba al'ummomi damar riƙe dazuzzukansu, amma duk da haka an yi wa bishiyoyin yankin Oku mummunar sassaƙa. Amsa ita ce mallakar takarda ba ta wadatar idan lasisin sayarwa yana hannun baƙo, farashin da ake ba ɗan ƙauye ya yi ƙasa, kuma babu hukunci ga mai ƙetare iyaka.

Saboda haka abubuwa uku ne suka zama dole a haɗa su: a tabbatar wa manomi cewa bishiyar da ya dasa tasa ce, a bambanta ɓawon gona da na daji a takardun fitarwa, a kuma keɓe manyan bishiyoyin daji su zama iyayen iri, domin tsuntsaye da birai ma da 'ya'yan bishiyoyin suke rayuwa. Hukumomin gandun daji na Kamaru da Najeriya, da kamfanonin da ke sayen ɓawon, su ne ke da alhakin fara wannan aiki tun manyan bishiyoyin ba su ƙare ba.