Daga Asabari Zuwa Fallen Alminiyam Mai Huda

Motar da ta ɗauko kayan gini daga Kano ko Katsina ta nufi Maraɗi, in ta baro Jibiya ta ƙetare iyaka, a Ɗan Issa take cin burki gaban ƴan duwan. Ta wannan hanya rodi da fenti da bandir-bandir na kwano suka daɗe suna shigowa, kuma ta nan sabon yayi kan biyo. Abin da aka gani a jikin banki ko otal a Kano bana, baɗi wani alhaji zai nemi irinsa a Maraɗi, daga nan ya gangaro ƙananan garuruwa. Yayin da ke tasowa yanzu shi ne fallen alminiyam mai huda-huda, wanda ake kafawa a fuskar gini, ɗan nesa da bango, don rana ta dake shi maimakon ta daki bulo. Masu sayarwa kan ce fasahar Turai ce ko ta Dubai. Ƙarfen dai baƙo ne, babu musu. Dabarar kuwa ta girmi duk kamfanin da ke tallarta, kuma ƙasar Nijar tana da nata babi a tarihin, wanda ba kowa ya sani ba.

Maginin Bahaushe hanya biyu ya sani ta yaƙar zafi. Ta farko kauri. Ya jera tubali ya tada bango mai faɗi, ya rufe da azara da ƙasa, ya bar ƴar taga can sama. Zafin rana kan ɗauki wuni bai gama ratsa irin wannan bango ba, shi ya sa soro ke da sanyi da azahar. Ta biyu kuwa saƙa ce: zanar gamba, dangar kara, rumfa, da asabarin da ake ratayawa a ƙofar ɗaki. Waɗannan ba sa tare iska, tace ta suke yi. Matar da ke cikin ɗaki tana ganin mai sallama ta tsakanin tsirkiyoyin asabari, shi kuwa ba ya ganinta. Inuwa ta samu, iska ta samu, sutura ta samu, duk a abu ɗaya da bai fi ƙarfin talaka ba. Aibinsa shi ne ba ya daɗewa. Gara ta ci, damina ta ruɓar, gobarar hunturu kuma in ta kama zana ba ta tsayawa a gida ɗaya.

Ba mu kaɗai muka yi wannan tunani ba. Alhazan da suka ga tsofaffin unguwannin Jidda sun ga tagogin katako masu saƙa da ke leƙowa kan titi, irin waɗanda mutanen Alƙahira ke kira mashrabiyya. A Indiya dutse suka riƙa fafewa. Tagogin masallacin Sidi Sayyid da ke Ahmadabad, wanda aka gina wajajen 1573, har yau ana zuwa kallonsu, kuma mutumin da ya gina shi asalinsa Bahabashe ne. Duk inda rana ke da ƙarfi kuma mutane ke son sirrin gida, sai ka tarar an kai ga bango mai huda.

Shi alminiyam ƙarfe ne ɗan bana-bakwai. Maƙeranmu sun yi ɗaruruwan shekaru suna narka tama, sun san jan ƙarfe da azurfa, amma wannan ba a raba shi da ƙasar da yake ciki ba sai 1825, a hannun wani masani ɗan ƙasar Denmak, Hans Christian Ørsted, shi ma ɗan mitsitsi ya samu. Shekara sittin bayan haka yana nan da tsadarsa. A 1884, da Amurkawa suka gama hasumiyar tunawa da George Washington, ɗan tsinin alminiyam da bai kai kilo 3 ba suka ɗora mata a ƙoli, ana ta zuwa kallo. Sai a 1886 samari biyu, Charles Martin Hall a Amurka da Paul Héroult a Faransa, kowannensu bai wuce shekara 23 ba, kuma ba su san juna ba, suka gano hanyar fitar da shi da wutar lantarki. Daga nan farashi ya faɗi warwas. Magina suka so shi don nauyinsa kashi ɗaya ne cikin uku na baƙin ƙarfe, kuma ba ya tsatsa. Ita kuma hudar, ba don ado aka fara ta ba. A 1876 Eli Hendrick ya kafa masana'anta a jihar Pennsylvania inda inji ke huda fallen ƙarfe jere-jere a bugu ɗaya, kuma masu haƙar kwal ne manyan masu saye, don tankaɗe.

Yaƙin Duniya na Biyu ya cinye alminiyam mai yawa wajen ƙera jiragen sama. Da yaƙi ya ƙare, masana'antu suka shiga neman inda za su kai hajarsu, idon Faransa kuwa ya faɗa kan ƙasashen da take mulka. Nan ne Yamai ta shigo labarin.

Jean Prouvé maƙeri ne tun asali. An haife shi a 1901, ya koyi ƙira yana saurayi, bai taɓa riƙe takardar shaidar mai zanen gini ba, amma masana'antarsa da ke Maxéville kusa da birnin Nancy ta shahara wajen lanƙwasa fallen ƙarfe. Shi aka nema ya ƙera gidan da za a yi a Faransa, a kwance shi gunduwa-gunduwa, a loda a jirgin sama, a ɗaure shi a Afirka da ƙusoshi masu murɗi. Babu gunduwar da ta fi ƙarfin mutum biyu. A 1949 aka kafa na farko a Yamai, mai tsawon mita 26 da faɗin mita 10, a kan daɓen siminti. A 1951 aka kai wasu biyu Barazabil, su kuma a kan ƙafafu, don ofishin kamfanin Aluminium Français da masaukin shugabansa. Sunan da aka ba su shi ne Maison Tropicale, gidan ƙasashen zafi.

Wanda ya dubi zanen gidan da idon basira zai ga mutumin ya fahimci rana. Gida ne cikin gida. A waje akwai baranda kewaye, da fika-fikan alminiyam da ake karkatawa gwargwadon inda rana take. Daga ciki akwai bangon ɗakuna, fallaye masu zagayayyun huda jere da juna, an toshe su da shuɗin gilashi don rage ƙarfin haske. Rufi biyu ne, da sarari a tsakani, sannan an bar hanya a tsakiyar ƙoli. Iskar da ta yi zafi ta tashi ta fice ta sama, mai sanyi ta biyo bayanta daga ƙasa. Babu fanka, babu na'urar sanyaya ɗaki. Abin da rumfa da zana suke yi ke nan tun kaka da kakanni, aka fitar da shi a ƙarfe.

Amma gidan bai haihu ba. Uku aka yi, a uku aka tsaya. Kuɗinsa ya fi na ginin da magina ke yi da kayan gida, su kansu Turawan mulki kuma ba su ga gidan ƙarfe da kyan gani ba. A ganina akwai dalili na uku da ya fi waɗannan nauyi: babu hannun ɗan ƙasa a cikinsa. Ba maƙerin Yamai da zai iya sake fallen da ya lotse, ba maginin da aka koya wa sirrin rufin, komai sai an jira Faransa. Gidan ya zauna a Yamai shekara hamsin yana tsufa. A 2000 wani dillalin kayan tarihi Bafaranshe, Eric Touchaleaume, ya sayi gidajen uku, aka kwance su aka mayar da su inda suka fito. A watan Yunin 2007 aka yi gwanjon ɗaya daga na Barazabil a New York, aka saye shi kusan dala miliyan 5. Wani yana hannun cibiyar Pompidou a Paris. Da Manthia Diawara, ɗan ƙasar Mali, ya je Yamai ɗaukar fim ɗinsa na 2008 a kan waɗannan gidaje, daɓen siminti kawai ya tarar. Abin da ciwo, domin da gidan yana nan, da ɗaliban gini na Nijar sun sami abin dubawa a ƙofar gida.

Mu kuwa abin da muka karɓa daga zamanin ƙarfe shi ne kwano rufaffe. Bayan ambaliyar 1945 da ta ci tsohon garin Maraɗi, aka tada sabon gari a kan tudu da tituna miƙaƙƙu, kuɗin gyaɗa da na fatauci suka shigo, gidan siminti da rufin kwano ya zama shaidar cewa mutum ya samu. Ba za a zargi kowa ba. Wanda ya gaji da yaɓe duk shekara da ɗigar soro a watan Agusta yana da hujjarsa. Sai dai an sayi sauƙin damina da wahalar bazara. Bulon siminti siriri ne, yakan sha rana wuni guda ya amayar da ita cikin ɗaki da dare, kwano kuma daga sama yana nasa. Shi ya sa a watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, za ka ga mai sabon gida ya shimfiɗa tabarma a tsakar gida.

Akwai lokacin da aka so gyarawa. Maxwell Fry da Jane Drew, da suka zana gine-ginen jami'ar Ibadan a shekarun 1950, sun lulluɓe ɗakin karatunta da bangon siminti mai huda, kuma wannan salo ya bazu. Har yanzu a tsofaffin makarantu da asibitoci da masallatai, a Nijar da Najeriya, ana ganin bulo mai huda a saman bango ko jikin baranda. Da na'urar sanyaya ɗaki ta zo sai aka toshe hudojin, aka koma gilashi. Daga baya alukobon ya shigo, wato fallen Alucobond da ire-irensa, alminiyam biyu sirara da wani abu a tsakiya, ya mamaye gidajen mai da bankuna. A nan dole a ja kunne. Irin wanda aka cusa wa roba a tsakiya yana cin wuta. Shi ya yaɗa gobarar benen Grenfell a Landan ranar 14 ga Yunin 2017, mutum 72 suka rasu. Fallen da muke magana a kai zallan alminiyam ne, kuma mai saye ya tambaya ya tabbatar kafin ya biya.

Hudar ta dawo ne ta hannun manyan masu zane. A 1987 Jean Nouvel ya yi wa Cibiyar Ƙasashen Larabawa da ke Paris fuska mai tagogin ƙarfe 240 masu buɗewa da tsukewa da kansu, yana kwaikwayon mashrabiyya, ko da yake injinan sun yi ta ba da wahala daga baya. A 2016 aka buɗe gidan tarihin baƙaƙen Amurka a Washinton, wanda David Adjaye, ɗan asalin Gana, ya jagoranci zanensa: fallayen alminiyam 3,600 masu huda, siffar ginin daga kambin wani sassaƙen Yarbawa, zanen hudar kuma daga aikin maƙeran bayi na Charleston da New Orleans. Kusa da mu, Mariam Issoufou Kamara ta gina kasuwar Dandaji a jihar Tawa a 2018, da bulon ƙasa da faya-fayan ƙarfe masu launi da aka ɗaga sama hawa-hawa, suna ba da inuwa iska na wucewa ta tsakaninsu. Nata ya fi burge ni, don kayan da hannuwan duk na kusa ne.

Ƙasar da ake narkawa a sami wannan ƙarfe kuwa, babu inda take jibge a duniya kamar Gini. Amma sai an haƙi wajen tan 4 kafin a sami tan 1, kuma narkawar tana shan lantarki ƙwarai, shi ya sa ake lodin ƙasar a jiragen ruwa a kai ta waje, mu sayo fallen da tsada. An kafa masana'anta a Edéa ta Kamaru a 1957, wata kuma a Tema ta Gana a 1967. Ta Najeriya da ke Ikot Abasi ta fara aiki a 1997, ta tsaya a 1999, kuma ba ta sake tsayawa da ƙafafunta sosai ba. Masana'antar alminiyam da ba ta taɓa tsayawa a ƙasar Hausa ba ita ce ta masu zubin tukwane, waɗanda ke narka gwangwanaye da tsofaffin kayan mota su zuba tukunyar sanholo da ludayi. Sake narka tsohon alminiyam kashi 5 cikin 100 kawai yake ci na wutar da sabo ke buƙata.

To, me ya rage wa mai gini a Ɗan Issa? Amfanin fallen ba a ƙyallinsa yake ba, a inuwarsa yake da ratar da ke bayansa. In aka manna shi a jikin bango, an yi ado, zafi kuwa yana nan. A bar aƙalla taƙi guda tsakani, sama da ƙasa a buɗe, iska ta sami hanya. Bangon yamma ya fi kowanne buƙata, sai na gabas. Ba dole ba ne ya zama fuskar da ke kallon titi. A tuna ƙurar hunturu za ta shiga hudojin, zanzaro zai yi gini a baya, don haka a kafa shi yadda za a iya kwancewa a share. Yana miƙewa da zafi kusan ninki biyu na baƙin ƙarfe, sai a sassauta masa wurin ƙusa. Da dare in an kunna fitila, na waje ne ke ganin na ciki, labule bai zama tarihi ba. Kuma ƙarfe ne mai daraja a wurin masu sayen gwangwan, kada a kafa shi inda hannu ke kaiwa cikin sauƙi.

Mutanen jihar Maraɗi sun ga abin da ya faru a Agustan 2023, da aka yanke lantarkin da ke zuwa daga Najeriya: gidan da sanyinsa ya dogara da waya ya zama wurin da ba ya zaunuwa. Saboda haka kirana ga masu walda da maƙera da magina na Ɗan Issa da Madarunfa da Maraɗi shi ne su koyi yanka da huda da kafa wannan falle da hannunsu, su fitar da zanen dagi da na zana a jikinsa, su fara da azuzuwan makaranta da ɗakunan haihuwa da barandar masallaci. Wanda kuma aljihunsa bai kai alminiyam ba, ya sa bulo mai huda, ko ya kafa zana taƙi guda daga bangon yamma kafin bazara ta kama.