Tarihin Kan Sarki da Amfanin Adana Shi

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Shugaban Manzanni.

Bayan haka, ya 'yan'uwa mazauna Girinsboro, mun ga ya kamata mu yi magana a kan wani abu ƙarami wanda ya fara ɓacewa daga hannunmu, watau kan sarki da katin gidan waya. Tun da wayar hannu ta shigo, mutane suka daina rubuta wasiƙa, tsofaffin ambulan kuma ana ta zubar da su a shara duk lokacin da aka canja gida. Waɗansu suna ganin tara kan sarki wasan yara ne. Mu kuwa muna ganin tarihi ne a rubuce, ga kuma hujjarmu.

Aika wasiƙa da hatimi tsohon abu ne a Musulunci. Sa'ad da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi nufin rubuta wa sarakuna irin su Hirƙal da Kisra, aka gaya masa ba sa karanta takarda sai mai hatimi, sai ya sa aka ƙera masa zobe na azurfa. Daga baya halifofi suka tsara abin da ake kira baridu, watau manzanni a kan dabbobi, ana canja musu abin hawa zango zango. A zamanin Sarkin Misira Baibaras saƙo yakan tashi daga Alƙahira ya isa Dimashƙa cikin kwana 4. A ƙasarmu ma haka. Wasiƙun Sarkin Musulmi suna tafiya da hatiminsa zuwa ga sarakuna, har a shekarar 1824 Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ba Bature Kilafatin wasiƙa zuwa ga Sarkin Ingila Joji na Huɗu. Talaka kuwa sai ya jira fatake masu zuwa Gwanja ya ba su saƙonsa.

To, 'yar takardar nan da ake liƙawa, a Ingila aka fara ta. Dā wanda aka kai wa wasiƙa shi ne yakan biya, kuɗin kuma da yawa, har wani ya ƙi karɓa. Wani mutum Rolan Hil ya ba da shawara mai aikawa ya riƙa biya tun da fari, kuɗi ɗaya ko ina za a kai a cikin ƙasar. Aka fara aiki da ita a watan Mayu na 1840, baƙa ce, ta kobo ɗaya, da kan Sarauniya Biktoriya. Amurka ta bi a 1847. Daular Usmaniyya ta fito da nata a 1863, amma ba ta sa fuskar kowa ba, sai tambarin sunan Sarki Abdul'aziz da rubutun Larabci. Katin gidan waya kuma a Ostiriya aka fara shi a 1869. A 1874 ƙasashe suka taru a birnin Ban na Suwizalan suka ƙulla yarjejeniya, wasiƙar da aka biya wa kuɗi a ƙasa ɗaya sauran su kai ta inda za ta.

Yanzu ku dubi abin da kan sarkin ƙasarmu yake faɗi. Turawa sun buga na farko mai sunan Nijeriya ta Arewa a 1900. Kano kuwa ba ta faɗi ba sai watan Fabrairu na 1903, Sakkwato sai watan Maris. Ashe an buga sunan ƙasa a takarda, an sa kan mai mulkinta, shekara 3 kafin masu ƙasar su san an ci su. Wanda ya riƙe wannan 'yar takarda a hannu ya ga niyyar Turawa ƙarara, ba sai an yi masa dogon bayani ba. Abin mamaki kuma, kan da ke jikinta na sarauniya ne. Sai a 1902 aka sa kan Sarki Edwad, bayansa Sarki Joji na Biyar, kan sarakunan nan ne mutanenmu suka saba gani. A 1914 aka haɗe Kudu da Arewa, sunan Arewa ya fita daga kan sarki.

Waɗanda aka buga a 1953 su ne suka nuna abin da ƙasar take da shi. Na kobo yana da mahayan Barno, na ahu gyaɗa, na kobo biyu haƙar kuza, na taro gadar Jebba, na sule goma fatu. Yaron da bai taɓa jin ahu ko taro ba, a nan zai koya. A wajen Faransa kuwa, a 1921 aka ɗauki kan sarki mai hoton mahayin raƙumi aka buga sunan Nijar a kansa, a 1926 aka yi wa Nijar nata, da hoton mai jan ruwa a rijiya, da jirgin ruwa a kan Kwara, da barikin Damagaram. 'Yan'uwanmu na Gana su ma a 1957 suka ga kan Nkuruma ya maye gurbin na Sarauniya.

Garin nan da muke zaune shi ma ya shiga kan sarki. Ran 1 ga Fabrairu, 1960, ɗalibai baƙar fata su 4 daga kwalejin A&T suka zauna a wurin cin abinci na kantin Woolworth a titin Elm, inda ba a sayar wa baƙi abinci a zaune, suka ƙi tashi. Abin ya bazu garuruwa, a watan Yuli na shekarar nan kantin ya saduda. A 2005 gidan wayar Amurka ya buga kan sarki 10 na tunawa da gwagwarmayar baƙar fata, ɗaya daga ciki na zaman nan ne. Da ba don irin waɗannan yara ba, da zaman baƙo irinmu a nan ya yi wuya. Har wa yau a 2012 an buga na marubuci O. Henry, wanda aka haifa a nan a 1862. A 2001 kuma aka fito da na Idi, da rubutun Larabci na hannun Muhammad Zakariya.

Saboda haka muna roƙon iyaye, kowa ya bincika akwatinsa. In kun sami tsohon ambulan kada ku ɓare kan sarkin, ku bar shi yadda yake, gama tambarin gidan waya shi ne yake nuna gari da rana, rubutun bayan kuma hannun wani ne wanda wataƙila ya riga mu gidan gaskiya. Ku ajiye su a wuri busasshe, nesa da rana. In akwai ayar Alƙur'ani ko sunan Allah a cikin wasiƙar, wannan kuma dalili ne na biyu da ya hana a jefa ta a shara. Ranar Asabar, bayan an tashi daga karatu, ku ba yara su kawo makaranta, mu baza taswira mu nemi Maraɗi da Kumasi da Zariya tare da su.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya shiryi zuriyarmu. Haza wasalam.